Sharhi: Ruwan Daura na bukatar ma'aunin da ba ya ƙarya

A tarihin Daura, macijiyar rijiyar Kusugu ba ta barin mutane su ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. A yau abin da ke iya shiga tsakanin magidanci da ruwan famfo yana kwance a ƙarƙashin ƙasa: tsagar bututu. Ruwan da aka tace daga madatsar Sabke da kuɗin jama'a zai iya zurarewa a hanya, mai gida kuma ya koma sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa.

Matsalar ta duniya ce. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa na asarar ruwa kimanin kubik mita miliyan 45 a kullum ta hanyar yoyo, adadin da zai ishi mutum kusan miliyan 200. A yankin Daura kuwa ƙasar rairayi ce, tana shanye ruwa nan take, don haka bututu zai iya daɗewa yana yoyo ba a ga ko danshi a sama ba.

A nan ne geji, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, ke da amfani. Ma'aikata kan ware wani sashe na bututu, su cika shi da ruwa, su fitar da iskar ciki, su rufe bawul na kowane ɓangare. Daga nan sai su ƙara ƙarfin ruwan ya kai kamar ninki ɗaya da rabi na yadda yake aiki a kullum, su zuba wa allurar ido na awa ɗaya ko biyu. Idan ta tsaya, lafiya. Idan tana sauka, akwai inda ruwa ke fita. Akan kuma auna tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na dare, lokacin da gari ya yi barci, domin yawancin ruwan da ke gudu a sa'ar nan yoyo ne.

Sai dai shi ma gejin yana lalacewa. Yashi kan toshe bakinsa, zafin rana da girgizar inji kan karkatar da allurarsa, na zamani kuma batirinsa kan mutu. Gejin da ya maƙale zai ci gaba da nuna lafiya alhali ruwa na tafiya, kuma wannan ya fi rashin geji haɗari, domin yana kwantar da hankalin ma'aikaci. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce a duba ko allura na komawa sifili idan babu ruwa, a gwada kowane geji da wani tabbatacce aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma rubuta ranar gwajin a jikinsa.

Maganar ta wuce asarar kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda ake kawo ruwa a ɗauke, bututun da ya wofinta kan zuƙo ruwan kwata ta tsagar da yake yoyo. Ta nan kwalara da taifot ke samun hanyar shiga randar gida.

Don haka ya kamata Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Katsina ta ware kaso na musamman a kasafinta domin gwaji da gyaran waɗannan na'urori, ta kuma riƙa bayyana wa jama'a sakamakon unguwa-unguwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura za ta iya horar da matasan da za su riƙe aikin. Masu unguwanni da dagatai su ma su riƙa kai rahoto da zarar ƙarfin famfo ya ragu ba dalili. Kuɗin geji da gwajinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na tono titi a sauya bututu, balle na jinyar yaron da ya sha gurɓataccen ruwa.