Husufin Wata a Ƙasar Gobir: Tsakanin Ɗaukar Hoto da Salla

A daren Lahadi, 7 ga Satumba 2025, wata ya fito jajur a gabashin Sakkwato, domin husufi ya riga ya kama shi kafin ya ɓullo. Cikakken husufin ya ɗauki kimanin minti 82. Dalilinsa sananne ne: duniya ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi, ɗan hasken da ke ratsa iskar duniya kuma ya rina shi ja.

Da, yara kan buga gwangwani suna cewa wata ya yi zazzaɓi. Yau matasanmu waya suke ɗagawa. Ɗaukar hoton ba laifi ba ne, matuƙar bai shagaltar da mu daga salla, addu'a da istigfari ba.

A Kurawa, Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga suka hana jama'a sakewa da dare, jan wata na iya zama abin camfi, a ce jini zai zuba. Annabi (SAW) ya rushe irin wannan fassara ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, inda ya bayyana cewa husufi ba ya aukuwa don mutuwa ko rayuwar wani.

Mazhabar Malikiyya kuma ta sauƙaƙa mana. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa sallar husufin wata ba a yi mata jam'i. Kowa ya yi tasa, raka'a bibbiyu da karatu a bayyane. Saboda haka magidanci ba ya bukatar fita cikin hatsari: tsakar gidansa ta ishe shi salla, ta ishi ɗalibi kallon ayar Allah.