GAURAYA BA ƁATA BA CE: DARASI DAGA FAIFAN KULANJAN

A hutun da ya wuce na koma gida Mpape, unguwar nan da ke kan duwatsu a bayan Maitama, inda ƙarar fasa dutse ta zame wa kunnenmu abincin yau da gobe. Wata rana da la'asar ina zaune a shagon wani tsohon tela, mutumin ƙasar Haɗeja, sai na kunna wani faifai a wayata, wanda malaminmu na Waƙar Baka ya taɓa ambata mana a aji. Ko minti biyu ba a yi ba sai tsohon ya ɗauke ƙafa daga kan keke, ya ce, "Kai yaro, wannan mai gurmin ɗan wane gari ne?" Na ce, "Baba, ai ba gurmi ba ne, jita ce, kuma mai kaɗa ta Ba'amurke ne." Ya girgiza kai ya ce, "To, ko daga ina ya fito, kakansa ya sha fura." Wannan magana ta Baba ita ce ta sa ni ɗaukar alƙalami.

Sunan faifan Kulanjan, ya fito a shekarar 1999. Mai shi Taj Mahal, wanda aka haifa a birnin New York a 1942, tsohon hannu ne a kiɗan buluz, wato kiɗan da baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayi, suka ƙirƙiro don amayar da abin da ke cin ransu. Ya fi shekara talatin yana wannan sana'a kafin ya zauna da Toumani Diabate na ƙasar Mali, gwanin kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya 21 da ake yi da babbar ƙwarya. Tare da su akwai Bassekou Kouyate mai kaɗa ngoni, ɗan'uwan molonmu, da mawaƙa irin su Kasse Mady Diabate. Sun haɗu a garin Athens na jihar Jojiya, suka jera tsofaffin waƙoƙin buluz da na maroƙan Mandinko a faifai guda, wani wuri da Turanci, wani wuri da harshen mutanen Mali.

Abin da ya burge ni shi ne, babu wanda ya ajiye kayansa ya ari na wani. Jita tana nan a jitarta, kora tana nan a korarta, amma in wannan ya jefa sai wancan ya cafe, kamar 'yan'uwan da suka daɗe ba su gana ba. Kuma ba abin mamaki ba ne, domin masana irin su Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan alaƙar Afirka da buluz, sun nuna cewa salon rera buluz yana da kusanci da kiɗan ƙasashen Sudan ta Yamma, har da gogen Hausawa. Marigayi Ali Farka Toure na Niafunke, wanda faifansa da Ry Cooder na 1994 ya ci lambar Grammy, shi ma ya sha nanata cewa tushen wannan kiɗa a wajenmu yake.

To, a nan ne nake da ja da wasu 'yan'uwana ɗalibai. Duk lokacin da aka ta da zancen zamanantar da kiɗan Hausa, sai ka ji sun ce gauraya ita ce ta kashe mu. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce, don kowa ya san yadda aka yi ta ɗauko karin waƙoƙin Indiya ana ɗora musu kalmomin Hausa a finafinanmu, aka kuma bar fiyano ita kaɗai tana kwaikwayon kalangu da kotso a sutudiyo. Amma a ra'ayina wannan ba gauraya ba ce, kwaikwayo ne. Mai gauraya yakan zo da nasa a hannu, ya haɗa da na wani. Mai kwaikwayo kuwa hannu rabbana yake zuwa. Shi Taj Mahal da bai ƙware a buluz ba, me zai ajiye a gaban Toumani? Shi kuma Toumani da bai gaji kora daga mahaifinsa Sidiki ba, da me zai amsa?

Mu tuna fa, kiɗan Hausa bai taɓa zama rufaffen ɗaki ba. Algaitar da muke tinƙaho da ita a fada, ita da sunanta daga ƙasashen Larabawan arewacin Afirka suka ƙetaro Sahara. Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos kuwa, da gwangwanin kifi ake yin sa, a rufe da fata, a ɗaura tsirkiya guda. Gwangwanin baƙo ne, amma wa zai ce kiɗan Ɗanmaraya ba na Hausa ba ne? Ashe ke nan baƙon abu ba ya cin gida sai in mai gidan ya yi barci.

Damuwata ita ce masu abin suna ta tafiya. Shata ya rasu a 1999, shekarar da Kulanjan ya fito. Barmani Coge ta bi shi a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Ko su Kasse Mady da Toumani sun kwanta dama, na farko a 2018, na biyu a 2024, sai dai su sun bar magada da faya-fayan da duniya ke saurare. Mu fa? Matasa nawa ne a cikinmu za su iya ɗaure wa gurmi tsirkiya, balle su kaɗa shi irin na Haruna Uji? A Jamhuriyar Nijar an sami abin koyi, inda marigayi Malam Mamman Barka, shi ma mai gurmi, ya tafi yankin Tafkin Cadi ya durƙusa gaban wani tsoho ya koyi biram, kiɗan masuntan Buduma da ke dab da ɓacewa, sannan ya fitar da shi duniya a faifansa na 2009. Da ya yi jinkiri, da tuni biram ya bi mai shi kabari.

Ita kanta Mpape ta isa misali. Ƙasar Gwari ce, amma yau Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi duk a layi ɗaya suke kwana, kowa da kiɗansa. Akwai wani dattijo mai kukuma da ke zagaya wuraren masu shayi da dare, ana ba shi naira hamsin ko ɗari, alhali ga samari masu sutudiyo a bayan layi ba su taɓa tunanin kiran sa ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da mu wuce rubuta tarihin makaɗa a kundin digiri kawai. A Makon Hausa mai zuwa, mu gayyato masu gurmi da goge da kukuma, mu zaunar da su da matasa masu jita da fiyano, mu ɗauki abin da suka yi, mu kuma biya su haƙƙinsu yadda ya kamata. Ni dai na yi wa Baba tela alkawarin in na dawo zan nemo mai kukumar nan, mu kunna masa Kulanjan a shago, mu ji da abin da zai amsa. Allah ya sa mu same shi da rai da lafiya, amin.