Kwamfuresar da ke haƙa mana ruwa tana buƙatar lissafin Tamale

Duk mazaunin Tamale ya san halin da ake ciki kan ruwa. Na famfon da ake turowa daga Dalun ba ya isar gari, shi ya sa masallatai da makarantun Islamiyya da masu hali suka koma haƙa burtsatse. Ƙasarmu kuwa ba ta sakin ruwa da sauƙi, sai an nitsa, wani lokacin ma a tashi hannu rabbana. Motar haƙar nan da jama'a ke taruwa kallo ba ta iya komai in babu kwamfuresa. Iskarta ce ke buga gudumar da ke fasa dutse a can ƙasa, ita ce kuma ke feso ɓarɓashin waje.

A cikin kwamfuresar akwai ƙarafa biyu masu murɗi kamar tufkar igiya, suna juyawa dab da juna, suna kama iska a tsakanin haƙoransu suna matse ta. Ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Ana fesa mai a ciki don ya toshe ratar, ya shanye zafi, ya hana gogayya. Wani injiniya ɗan Suwidin, Alf Lysholm, shi ya inganta wannan fasali a shekarun 1930. Da yake ba mai iya leƙa ciki tana aiki, sai masana suka koma kwamfuta: a zana ƙarafan, a yanka sararin da ke tsakaninsu zuwa ƙananan gurabe masu ɗimbin yawa, a lissafa yadda mai da iska ke bi, inda zafi ke taruwa, da inda iska ke zurarewa baya. Jami'ar City ta Landan na da cibiya sukutum a kan wannan aiki, can aka ƙirƙiro manhajar SCORG.

To ga inda nake da magana. Kwamfuta amsar tambayar da aka yi mata kawai take bayarwa. Ban ce kamfanonin ba su san da ƙasashen zafi ba, sun sani sarai. Amma da yawa daga cikin injinan da ke yawo a unguwanninmu na hannu ne, sun ci shekaru suna aiki a wata ƙasa. A watan Maris zafin Tamale kan haura digiri 40, man ya tsinke, abin sanyaya shi ya kasa. Da hunturu kuma ƙura ta toshe matatar iska, wadda ta kuɓuce ta gauraya da mai ta riƙa cin ƙarfe. Ratar ta buɗe, iska ta ragu, gas ɗin mota ya ƙone a banza, haƙar kwana ɗaya ta zama ta uku. Wa ke biya? Kwamitin masallacin da ya tara kuɗin sidi-sidi bayan sallar Juma'a. Littafin kamfani ba zai gaya maka man da ya dace da tsohon inji a irin wannan yanayi ba, ko bayan awa nawa za a canza matata.

Wannan lissafi namu ne, kuma muna da inda za a yi shi. Ga Jami'ar Fasaha ta Tamale, ga UDS da aka kafa a 1992, da makarantar injiniyoyinta a Nyankpala. Cikakken kwaikwayo na son kwamfuta mai ƙarfi, gaskiya ne, amma lissafin zafi da matsi mai sauƙi ko ƙaramar kwamfutar ɗalibi za ta ɗauka, manhaja irin OpenFOAM kuwa kyauta ce. Ni a ganina kada ɗalibi ya zauna a aji ya ƙirƙiri lambobi. Ya sauka Lamashegu wajen makanikai. Akwai dattawan da daga jin ƙarar inji sun san ciwonsa, sun buɗe kwamfuresa fiye da yadda malamin jami'a ya gani a hoto. Su kawo abin da suka gani, shi ya kawo ma'auni.

Wani zai ce, mu da ke neman ruwan alwala ina mu ina wannan? Ai saboda ruwan ne. Ban da haka, tun 2010 Ghana ke haƙo mai a Jubilee, ga masana'antar iskar gas a Atuabo, kuma duk inda ake tura gas a bututu sai da masu sanin kwamfuresa. Iyayenmu na Zango, yaron da kuka ga hannunsa na son sufana, kada a cire shi daga makaranta don ya bi maigida. Ya je gareji ranar Asabar, amma ya riƙe lissafi da kimiyya har ya gama sakandare.