Bikin Tij na Matan Hindu: Me Ya Kamata Uwargida Ta Sani?



Uwargida, idan kina kallon finafinan Indiya, wataƙila kin taɓa ganin mata cikin korayen kaya, hannu ya sha lalle, suna lilo a gindin bishiya. Haka matan Hindu na arewacin Indiya ke yi a bikin Tij, wanda ke zuwa da damina, wajen Yuli ko Agusta. A ƙasar Nepal kuwa jajayen kaya ake sawa, mata su yi dafifi a wurin bautar Pashupatinath da ke Katmandu.

Asalinsa ibada ce tasu. Sun yi imani cewa Parbati ta daɗe tana azabtar da kanta kafin Shiba ya yarda ya aure ta, kuma su biyun ababen bautarsu ne. Don haka matar aure takan wuni ta kwana ba ci, wata ma ko ruwa ba ta sha, tana roƙa wa mijinta tsawon rai. 'Yanmata kuma su roƙi miji nagari.

Ya kamata 'ya'yanmu su san wannan, kada su ɗauka rawa ce da kwalliya kawai. Mu Allah kaɗai muke yi wa azumi, Shi kaɗai muke roƙo, kuma da faɗuwar rana muke buɗe baki.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Lokacin bikin, iyaye kan aika a ɗauko 'yarsu ta zo gida, su yi mata kyautar tufafi da awarwaro da kayan zaƙi. A Nepal, cikin waƙoƙin Tij mata ke fitar da abin da ke cinsu: wahalar aiki, matsin uwar miji, kewar gida. Wato a ranar da suke girmama aure, a ranar ake jin kukansu.

To ke fa, uwa, yaushe rabon da ki zaunar da 'yarki ki saurare ta, ba tare da kin tare ta da "yi haƙuri" tun kafin ta gama magana ba? Haƙuri gaskiya ne, biyayya ma haka. Sai dai macen da ba ta da inda za ta kai kuka, ciwo take tarawa, kuma wata rana a kan auren zai fashe. Sada zumunci umarnin addininmu ne, ba sai mun jira biki ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Sai wata mai zuwa.