Kada Mu Kai Gidan Landan Kano

Idan ba a manta ba, ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila, karon farko a tarihi. Mazauna Catford mun ji a jikinmu, domin gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi da hunturu, sai ɗakunan sama suka koma tamkar tanda. A shekarar ne kuma doka ta fara tilasta wa masu gina sababbin gidaje a Ingila su yi tanadin hana zafi taruwa a ciki.

Abin takaici, da yawa daga cikinmu irin tsarin nan muke aika kuɗi a gina mana a Kano da Katsina da Maraɗi: manyan tagogin gilashi suna kallon rana, ga bulon siminti, ga rufin kwano. Can kuwa digiri 40 ba labari ba ne a watan Afrilu. Daga nan sai na'urar sanyaya ɗaki, sai janareta, sai kuɗin mai, wanda mu ɗin dai za mu riƙa aikawa duk wata.

Kakanninmu sun san maganin abin. Bango mai kauri na tubali yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare. Rufin azara, ƙananan tagogi da inuwar tsakar gida su ƙarasa aikin. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana zai shaida.

Masu cewa ginin ƙasa talauci ne su dubi sabon masallacin Dandaji a Nijar, wanda aka kammala a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji. Mariam Issoufou Kamara na cikin waɗanda suka zana shi.

Iyayenmu da yayyenmu, kafin ku aika kuɗin harsashi, ku tambayi magini kaurin bangon, da inda tagogin za su fuskanta.