Keke Mai Batir: Kafin Ki Ce Wa Yaro "To"

Yau zancen keke za mu yi, amma keken da ake jona wa caji.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur lissafin gidaje ya canza. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai dubu. Ke da kike ƙauyukan Gwarzo ko Kabo, yaronki na zuwa sakandare a Getso, Kutama ko Garo, kin fi kowa sanin abin da kuɗin acaɓa ke ci a mako. Shi ya sa kekunan da aka jingine a zaure suka koma kan hanya. Yanzu ga keke mai batir ya fara shigowa kasuwa, yara na ganinsa a waya, ba da jimawa ba naki zai zo da roƙo. Shin keke ne kamar sauran, ko babur ne ya yi shigar keke?

Ba mu muka fara wannan gardama ba. A ƙasashen Turawa akwai wasan tseren keke a kan duwatsu da kwazazzabai, wanda matasa suka faro a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, har ya shiga gasar Olamfik a 1996. Da keke mai batir ya bayyana, sai 'yan wasan suka rabu biyu. Wasu suka ce wanda inji ya tura shi kan dutse bai hau dutse ba. Wasu suka ce ai ya ba dattijo da mai ciwon gwiwa damar bin 'yan'uwansu. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ba ta kore shi ba, ba ta kuma cakuɗa shi da sauran ba. A 2019, a ƙasar Kanada, ta shirya masa gasar duniya tasa ta daban. Wato an karɓe shi, amma an ware masa layinsa. Wannan hukunci ya dace da gidajenmu.

Da farko ki san iri biyu ne. Akwai wanda sai yaro ya murza feda injin ke taimaka masa. A dokar Tarayyar Turai ƙarfin injin ba ya wuce wat 250, kuma yana daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. A Birtaniya sai mai shekara 14 ake bari ya hau shi a titi. Akwai kuma mai totur a hannu, wanda ke tafiya ko ba a taɓa feda ba, wasu suna gudu fiye da haka nesa ba kusa ba. Wannan na biyun babur ne, ko da mai shago ya kira shi keke. Ki sa Abban yara ko kawunsu ya tambayi iyakar gudunsa kafin a yi ciniki.

Me ya sa gudun ke da muhimmanci? Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da keke yana ninkawa kusan huɗu. Ga shi keke mai batir ya fi na gida nauyi, yawanci yana haura kilo 20. Ki tuna hanyoyinmu: yashi a rani, taɓo da zaizaya a damina, awaki da yara ƙanana a bakin gari, sannan titin Kano zuwa Gwarzo da motoci ke sheƙa gudu. Ga shi ba ya ƙara, mai tafiya a ƙasa ba zai ji zuwansa ba.

Don haka yaron da bai kai shekara 14 ba, a bar shi da kekensa na ƙafa, jikinsa ma na buƙatar motsin. Wanda ya kai, kuma makarantarsa na da nisa ko akwai hawa a hanya, mai feda zai iya zame masa alheri: ya isa aji kafin a kaɗa ƙararrawa, ba a jiƙe da gumi ba, ya dawo da sauran ƙarfin zuwa Islamiyya. Amma ki gindaya sharaɗi uku. Hular kwano dole ce. Babu goyon ƙanne biyu a kariya. Babu shiga tseren da samari ke yi da kekuna a bayan gari, domin mai batir a cikin masu ƙafa ya ci da zalunci, su kuma garin kamo shi za su yi gangancin da zai kai wani wajen mai ɗori.

Sai batun batir, wanda shi ne ya fi damuna. Irin na waya ne, amma ya ninka shi girma sau da yawa, kuma idan ya kama da wuta yana da wuyar kashewa. A birnin New York kaɗai, gobarar irin wannan batir ta kashe mutum 18 a 2023. Kada a yi caji a ɗakin da yara ke kwana, ko a zauren da shi ne kaɗai mafita. Kada a jona shi a kwanta, ana jiran a kawo wuta cikin dare. A yi amfani da cajar da ya zo da ita kawai. A zafin Afrilu, kada a bar shi a rana, kuma a bari ya huce bayan tafiya kafin a jona. Batirin da ya kumbura, ya faɗi ya tsage, ko yake wari, a fitar da shi tsakar fili nesa da kara da ciyawa.

Ki kuma yi lissafin gaba. Batir na tsufa bayan wasu ɗaruruwan caji, sabonsa kuma babban kaso ne na kuɗin keken. Mai faci da mai gyaran keke na kowace kasuwar ƙauye za su gyara taya da sarƙa, amma matsalar inji na iya kai ku har Kano. Idan kuɗin adashi za ki zuba, ki tabbatar akwai wurin caji mai aminci da mai gyara kusa. In babu, keken ƙafa mai kyau da birki lafiyayye ya fi miki kwanciyar hankali.

Iyayen da suka riga suka saya, ku faɗa mana a ƙasa: shekarun yaron nawa, a ina kuke caji, kuma wata nawa batirin ya yi? Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kai su makaranta Ya dawo da su lafiya. Sai mako na gaba.