Wa ya ce cike kududdufi shi ne gyara?

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya wuce abinsa, ba komai.

Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune a majalisa a nan Bungudu aka ɗauko zancen kududdufin da ke bayan unguwarmu, saboda warinsa ya hana mutane sakat tun da ruwa ya ɗauke. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Mi amfanin wanga rami? A kawo tifa a cike shi, a yanka filaye, kowa shi huta." Majalisa ta ɗauka, wallahi gaskiya ne Alhaji. Ni kaɗai na ce ban yarda ba, aka yi mini ca. Tunda a can ba a bar ni na kai aya ba, bari in ƙarasa a nan.

Da farko, kududdufin nan ba daga sama ya faɗo ba. Kakanninmu ne suka haƙa shi, suka ɗebi ƙasa suka yi tubali suka gina gidajen da aka haife mu a ciki. Ramin da ya rage ya zama wurin da ruwan unguwa ke taruwa idan an yi ruwa mai ƙarfi. Daga nan yake tsotsewa ƙasa a hankali, rijiyoyin da ke kusa su samu. Mu da muka yi ƙuruciya a bakinsa mun san yadda yake. Akwai tarwaɗa da karfasa, akwai bado, belbela na sauka, kwaɗi su hana ka barci da damina. Shanu na sha, magina na ɗiba har tsakiyar rani. Yau je ka duba. Leda, kunzugun yara, ragowar batir, toka, baƙin mai daga wurin makanikai, ga kwata daga gidaje duk an karkato ta can, wasu har da bututun masai. Ruwa ba ya tsami banza. Mu muka ɓata shi da hannunmu, yanzu kuma muna toshe hanci muna cewa a binne shi.

To a binne ɗin, ruwan saman da yake karɓa ina za shi? Ruwa ba ya duba takardar fili. Zai zo inda ya saba zuwa, in ya tarar da ɗaki ya shiga ɗakin, in ya tarar da katangar ƙasa ya kwantar da ita. Ku tambayi mutanen Kano, su da suka riga mu wannan dabarar. Kududdufai nawa aka cike a cikin birni aka yi shaguna da gidaje, yanzu ruwan awa ɗaya ya ishi unguwa ta koma gulbi. Wanda ya yanka filin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Talakan da ya saya da gumin shekara goma shi ke kwana yana kwalfe ruwa da roba, sai kuma a zo a ɗauke shi hoto a miƙa masa tabarma da kwanon masara.

Na san abin da za a ce, sauro. Ni ma 'ya'yana na kwanciya zazzaɓi kamar na kowa. Amma a binciki masu ilimin abin. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan taɓo marasa zurfi, irin sawun kofaton shanu da ramukan da tifa ke bari, inda ba kifin da zai cinye tsutsarsa. Ruwa mai zurfi mai kifi da 'ya'yan mazari yana da masu yi masa gadi. Mu ne muka kori masu gadin. Idan ƙazanta da taki suka yi yawa a ruwa sai ya koma kore, gansakuka da kainuwa su rufe fuskarsa, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare, ka wayi gari kifi ya taso ciki sama. Daga nan sai wari da sauron kwata. Kuma cikon da muke yi ba ma ciko ba ne, shara ce ake jibgewa a yayyafa ƙasa a kai, rami ɗaya ya koma taɓo ashirin. An gudu daga gidan gara an faɗa na zago.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsargiya. Ɗan maƙwabcina, yaro ɗan aji huɗu, ya yi watanni yana fitsarin jini bai faɗa ba, don abokansa sun ce masa alamar girma ce. Haba jama'a! Cuta ce, kuma hanyarta a fili take. Mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi, ya girma a nan ya fito, ya huda fatar yaron da ya shiga wanka. Ana raba ƙwayar maganinta a makarantu, kuma tana aiki. Amma yaro ya sha yau, jibi ya koma ruwan da ake fitsari a ciki, me aka yi? Haka zancen amai da gudawa da ke ziyartar jihar nan da damina. Masai a nan, rijiya a nan, tsakaninsu taku biyar, alhali ƙa'idar da ake koyarwa ita ce aƙalla mita 30.

Mu 'yan Zamfara ya kamata mu fi kowa tsoron abin da ake zubawa a ruwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Bagega da Dareta da Yargalma. Kun san alamar da aka fara gani? Agwagi ne suka riƙa ɓacewa, ba wanda ya kula. Ana niƙa dutsen zinari a cikin gida, ana wanke shi a bakin kududdufi, dabbobi na sha. Sai da yara suka fara jijjiga suna mutuwa, likitocin MSF suka ga abin ya wuce hankali, sannan aka gane. Ban ce haka ke faruwa a bayan unguwarmu ba. Abin da nake cewa shi ne kifi da kwaɗi da agwagi su ke fara ba da labari, mu kuma ba ma saurare. Mai wanke tankin feshi a bakin ruwa bayan ya gama kashe ciyawa, da mai zuba gamalin don ya kwashi kifi a rana ɗaya ya kai kasuwa, a gaban idonmu suke yi, muna gaisawa da su mu wuce.

Wani kuma zai rubuto mini, Malam ana kashe mu ana sace mu kana maganar kududdufi? Wallahi na san zafin, ba gidan da abin bai taɓa ba. Amma ka duba su waye ke wanki da wanka a waɗannan ruwaye yau. 'Yan'uwanmu ne da aka koro daga ƙauyuka, suna rakuɓe a kangwaye a Gusau da Tsafe da nan Bungudu. Ba famfo, ba kuɗin jarka. Matar da ta tsere wa bindiga da goyo a bayanta, bai kamata ta zo cikin gari ta rasa ɗan saboda ruwan da muka mayar juji ba.

Yanzu aikin wa ne? Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda fayil ke kwana a kan tebur har ya yi ƙura, don haka ba zan yi muku daɗin baki ba. Amma doka ba ta ɓoye komai ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara da samar da banɗakunan jama'a a wuyan ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To mu riƙa tambaya, ko kuɗin ya iso ko bai iso ba a faɗa mana. A 2019 Buhari ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. Jigawa ta kai ga haka tun 2022, kuma ba su fi mu hannu ko ƙafa ba. Ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda aikinsa ke nan, gyaran ƙasa da ruwa. Kansilanmu ya taɓa rubuta ko layi ɗaya yana neman a sa kududdufan garin nan a ciki? Kowa rijiyar burtsatse ya sani, don ita ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Yasar kududdufi ba ta da hoto mai kyau.

Abin da nake nema bai kai kuɗin ayarin mota ɗaya na kamfe ba. A ƙirga kududdufan gari a shata iyakarsu, hakimai da masu unguwanni su shaida cewa ba na sayarwa ba ne. A ajiye wurin zuba shara wanda mota ke zuwa kwashewa da gaske, don ba za ka hana mace zubawa a ruwa ba alhali ba ka nuna mata wani wurin ba. A cire bututun masai, duba-gari su dawo aikinsu da tara a hannu, ko gidan wa ye. Da rani a yashe laka, a bar ciyawar bakin ruwa ta riƙa tace abin da ke gangarowa, a dasa itatuwa, a kewaye gefen da ke da zurfi saboda yara, a ware wurin shan dabbobi. In ruwa ya gyaru a kira masunta a zuba 'ya'yan kifi.

Ni dai ranar Asabar bayan asuba zan fito da cebur da baro, matasa huɗu sun ce za su zo. Takardar da zan kai wa shugaban ƙaramar hukuma ma na fara rubutawa. Wanda ya san wani kududdufi a Bungudu, Nahuce ko Kwatarkwashi da ake cikewa ko aka fara kafa wa turaku, ya turo mini sunan unguwar in haɗa a ciki. Alhaji kuma, in an karanta maka wannan, ka yi haƙuri, cebur ɗinka zan zo ara.